Abin kama gashi na duwatsun Irokwa: me ake saya idan an ce "na gargajiya, da tsofaffin kaya"?

Wata 'yar'uwa da ke zaune a Toronto ta aiko da tambaya. Ta ga abin kama gashi a wani shagon intanet, baƙin ƙarammiski ne da furen duwatsu a kansa, an rubuta cewa aikin gargajiya ne na Irokwa, wasu 'yan asalin Amurka ta Arewa, kuma da tsofaffin duwatsu aka yi shi, kuɗinsa dala 150. Tana so ta saya wa 'yarta da za a aurar. Tana tambaya ko na gaske ne, ko kuɗin bai yi yawa ba, da kuma ko ya dace wadda ba 'yar ƙabilar ba ta sa shi.

Hajiya, Allah ya sanya alheri, ya kai mu lokacin lafiya. Na daɗe ina gyaran tsofaffin tufafi da kayan duwatsu, kuma aikin mutanen nan ya sha ratsa hannuna, don haka zan faɗa miki abin da zan duba da ni ce zan fitar da kuɗin. Tallan da kika karanta ya cusa abubuwa uku a buhu ɗaya: hannun wa ya yi aikin, shekarun duwatsun nawa, shekarun abin kansa nawa. Kowanne da amsarsa daban. A wurina na farkon ya fi sauran biyun nauyi nesa ba kusa ba, amma shi ne masu talla suka fi yin shiru a kansa.

Mutanen da Turawa ke kira Irokwa, su Haudenosaunee suke kiran kansu, ana furta shi kusan "Hodinoshoni", ma'anarsa mutanen dogon gida. Ƙawancen al'ummu shida ne: Mohawk, Oneida, Onondaga, Cayuga, Seneca, sai Tuscarora da suka shigo daga baya wajen 1722. Ƙasarsu ta asali ita ce yankin da yanzu ake kira jihar New York, yau kuma suna nan a can, suna Ontario da Quebec, wasu Oneida suna Wisconsin. Daga inda kike zuwa garinsu mafi yawan jama'a, Six Nations na bakin kogin Grand kusa da Brantford, tafiyar ba ta kai awa biyu a mota ba. Ina faɗin wannan ne don ki san cewa masu wannan sana'a maƙwabtanki ne, suna raye, suna da sunaye da lambobin waya. Ba mutanen da suka shuɗe ba ne da sai a gidan tarihi za a ji labarinsu.

Kafin gilashi ya iso musu suna ado da ƙayar beguwa da suke rinawa, da gashin wata babbar dabbar dawa ta ƙasashen sanyi, da ɓawon dodon koɗin teku. Kayan gashinsu mafi tsufa da aka tono su ne matajai na ƙahon barewa, waɗanda Seneca suka yi fice wajen sassaƙawa a ƙarni na 17, da siffofin tsuntsaye da dabbobi da mutane a samansu. Shi kuwa ƙarfen maƙalawa da ke bayan abin da kika gani, mai buɗewa da rufewa da ɗan latsi, kayan masana'anta ne na zamani. Saboda haka idan wani ya ce miki abin kama gashi irin wannan ya shekara ɗari da hamsin, ki riƙe jakarki da kyau. Abin da yake na gargajiya a jikinsa shi ne ɗinkin. Siffar sabuwa ce, kuma wannan ba aibi ba ne. Matan Haudenosaunee suna yin irinsa suna sawa a taro da biki, tare da kambin duwatsu da suke ɗaurawa a goshi da maɗauran kitso.

Ɗinkin shi ne abin da ya kamata ki fahimta, don shi ne zai raba miki aya da tsakuwa. Yawancin ƙabilun asali na Amurka ta Arewa suna kwantar da duwatsu ne a shimfiɗe a kan fata ko yadi. Su Haudenosaunee tayar da su suke yi. Mai ɗinki za ta yanka siffar ganye ko fure a farar takarda, ta ɗora a kan ƙarammiskin da aka riga aka ƙarfafa da kwali ko wani yadi mai tauri a baya. Sai ta fito da allura daga gefe ɗaya na ganyen, ta zura duwatsu fiye da abin da faɗin wurin zai ɗauka, ta soka a ɗaya gefen. Idan wurin na duwatsu shida ne ta zura takwas ko tara, ba su da inda za su je sai sama, sai su yi tozo. Wanda ya taɓa kallon bakan gini a tsohon soro ya san dabarar: tsawon da ya wuce tazarar da ke tsakanin bango biyu dole ya lanƙwashe ya tashi. Haka za ta jera layi kusa da layi har ganyen ya cika, wani lokaci ta fara shimfiɗa layi ɗaya a ƙasa ya zama matashi, sannan ta haye shi da wasu don ya ƙara tudu. Takardar tana nan a ƙarƙashi ba a cire ta. Tana riƙe siffa, kuma idan duwatsun garau ne kamar ruwa, farinta yana mayar da haske ta cikinsu. Shi ya sa furen farin gilashi a kan baƙin ƙarammiski yake kamar raɓa ta kwanta masa.

Ki roƙi mai sayarwa hoton abin daga gefe, ba daga sama kaɗai ba. Aikin ƙwarai za ki ga tozon kowane layi daidai da na kusa da shi, ba zaren da ke leƙowa, ba layin da ya kwanta ya bar 'yan'uwansa a tsaye. Ki nemi hoton bayansa ma. A can ake ganin mutuncin mai aiki: shafi na fata mai laushi ko yadi, ƙarfen ya shiga ta tsaga biyu a cikin shafin an ɗinke shi, bakin kuma an bi shi da duwatsu ɗaya bayan ɗaya har ya zagayo. Idan kika ga gam ne kawai ya riƙe ƙarfen, ba zai shekara a kan mai gashi da yawa ba.

Wannan salon ya bunƙasa ne a tsakiyar ƙarni na 19, kuma talauci ne ya haife shi. A 1779 sojojin Amurka ƙarƙashin Janar Sullivan suka ƙone garuruwansu kusan arba'in tare da gonaki da rumbuna. Bayan yaƙin neman 'yancin Amurka aka ci gaba da karɓe ƙasa har aka bar su a 'yan keɓaɓɓun filaye. Da aka buɗe mashigin ruwa na Erie a 1825, jirgin ƙasa ya biyo baya, 'yan yawon buɗe ido suka riƙa tururuwa zuwa mafaɗar ruwa ta Niagara. Matan Tuscarora, waɗanda garinsu ke kusa da Lewiston, suka riƙa baje koli a tsibirin Goat da ke tsakiyar ruwan. Matan Mohawk na Kahnawake, tsallaken kogi daga Montreal, suna kai nasu garin shaƙatawa na Saratoga Springs da kasuwannin baje koli masu nisa. Suna sayar da jakunkuna, da matasan soka allura da aka cusa wa garin katako, da firam ɗin hoto, da mazubin ashana, da huluna irin na sojan Sikotland. Daga ƙarshen ƙarnin zuwa shekarun 1920 sukan rubuta shekara ko sunan wuri da duwatsu a jikin kayan, abin da ke taimaka mana yau wajen sanin shekarunsu. Hannun garuruwan biyu ma ya bambanta. Na Kahnawake ya fi manyan duwatsu da launi da tudu sosai, na wajen Niagara ya fi ƙananan duwatsu farare da garau. Dillalan kayan tarihi sun daɗe suna kiran waɗannan kaya da wani suna mai ma'anar "'yan tarkacen wasa", masu sana'ar da yawa kuwa ba sa son sunan, kuma ina tare da su. Abin da ya ciyar da gidaje tsawon zuriya uku ko huɗu ba wasa ba ne.

Akwai sunaye da ya kamata ki sani. Caroline Parker, 'yar Seneca ta garin Tonawanda, 'yar'uwar fitaccen ɗan Seneca Ely Parker a ɗaki ɗaya, ita ta ɗinka da yawa daga cikin kayan duwatsun da masanin al'adu Lewis Henry Morgan ya tara wa jihar New York wajen 1849 zuwa 1850, kuma har yau ana koyo daga aikinta. A zamaninmu, Samuel Thomas da mahaifiyarsa Lorna Hill, 'yan Cayuga, sun koyar da wannan ɗinki ga Oneida na Wisconsin a ƙarshen shekarun 1990 bayan ya yi rauni a can. Cikin waɗanda suka koya akwai Karen Ann Hoffman, wadda gwamnatin Amurka ta ba babbar lambar girmamawa ta masu sana'ar gargajiya a 2020.

Yanzu maganar tsofaffin kaya. Kalmar da masu talla ke rubutawa ita ce "vintage", kuma ba ta da nauyin da kunne ke ba ta. A Etsy, wata kasuwar intanet, duk abin da ya shekara 20 ya cancanci sunan. Kayan tarihi na sosai sai ya kai shekara 100. Ke nan dutsen da aka yi bayan shekarar 2000 ma yana iya shiga layin "tsoho" ba tare da an yi ƙarya ba. Su Haudenosaunee ba su taɓa ƙera waɗannan ƙananan duwatsun gilashi ba. Daga tsibirin Murano na Venice suke zuwa, da yankin Bohemiya na ƙasar Czech ta yau, musamman garin Jablonec. Masana'antun nan su ne kuma suka cika kasuwannin Afirka ta Yamma da duwatsu, don haka ba mamaki wani dutsen da ke tsohuwar sarƙar kakarki ya fito daga tanda ɗaya da wanda ke jakar wata mata a Niagara. Kamfanonin Murano sun haɗe wuri guda a 1898, babbar masana'antar ta rufe a farkon shekarun 1990, ragowar kayan rumbunanta suka watsu a hannun dillalai. Daga irin wannan ragowa da ba a taɓa ɗinkawa ba ne masu sana'a na ƙwarai ke samun tsofaffin duwatsu, a ɗaure a zarensu na asali.

Me ya sa suke nemansu? Launi. Akwai wani rawaya mai kamar man shanu ya narke, da wani ruwan hoda mai duhu-duhu, da shuɗi mai laushi, waɗanda sababbin masana'antu ke kwaikwayo amma ido yana gane bambanci idan an jera su. Akwai jan da ke da farin ciki, wanda idan kika leƙa ramin za ki ga farin gilashi a tsakiya jan ya lulluɓe shi. Tsohonsa da zinariya ake rina gilashin, sai jan ya fito da sanyi kamar na fure, na baya kuwa ya fi kaifi yana karkata zuwa ruwan lemo. Tsofaffin duwatsu kuma ba sa zama daidai wa daida: wani ya ɗan fi kauri, wani raminsa ya karkace. Idan kika ga duwatsu kamar an yanka su da reza, kowanne tagwayen ɗan'uwansa, siffar 'yar gwangwani, to irin na Japan ne da kamfanin Miyuki ya fito da su a shekarun 1980. Suna da kyau, masu ɗinki da yawa suna amfani da su, amma ba su ne abin da aka ce miki ba.

Tsufa yana da nasa sharri, kuma mai talla ba zai faɗa miki ba. Wasu tsofaffin gilasai ba a daidaita haɗinsu ba, idan danshi ya daɗe yana taɓa su sai su fara fitar da farin gari kamar kanwa, su yi gumi, su tsattsage, a ƙarshe su farfashe su bar zare tsirara. Ba shi da magani, sai dai a rage masa gudu. Ki ƙara girman hoton ki duba ko akwai dutsen da ya dushe ya yi fari-fari a cikin 'yan'uwansa masu sheƙi. Akwai kuma ƙananan duwatsun ƙarfe masu walƙiya da aka riƙa yi a Faransa, maganaɗisu yana kama su, suna yin tsatsa su ɓata yadi. Wasu tsofaffin launuka suna da dalma a cikin gilashin, saboda haka kada a bar shi inda jariri zai kai baki. Ra'ayina a nan a fili yake: tsofaffin duwatsu a kan sabon zare da sabon ƙarammiski shi ne haɗin da ya fi dacewa da abin da za a sa a kai. Tsohon zaren auduga da tsohon ƙarammiskin siliki sun riga sun gaji, ba za su jure buɗewa da rufewa ba. Ba na son in ji an ce har yadin ma tsoho ne.

Akwai nau'i ɗaya da nake roƙonki kada ki saya ko da ya fi kowanne kyau. Wasu suna sayen tsohuwar jaka ko matashin allura da ya lalace a gefe, su yanke furen da ya rage, su manna shi a kan ƙarfe su sayar a matsayin abin gashi. Na taɓa karɓar irinsa don gyara. Da na ɗaga shafin sai na ga zaruruwa a yanke ta kowane gefe, da tsohon kwali mai ruwan ƙasa, da rabin wani harafi na duwatsu da almakashi ya raba biyu. Wata mata ta zauna fiye da shekara ɗari da suka wuce ta rubuta shekara ko sunan gari a wurin, an yanke an zubar. Raina ya ɓaci ƙwarai ranar. Jikokin waɗannan mata suna bin kasuwannin gwanjo suna sayen irin waɗannan kaya, har da yagaggu, don su ga yadda kakanninsu suka sarrafa allura su koya. Alamarsa ba ta da wuya: zane da ya ƙare ba zato a baki, kara da ba ta kai ko'ina ba, ƙarammiskin da ya goge ya yi sanƙo amma ƙarfen baya sabo fil.

Sai babbar tambaya, wadda da ita zan fara da ni ce: wa ya yi shi? A Amurka akwai dokar 1990 da ta haramta sayar da kaya da sunan wata ƙabilar asali idan ba ɗan ƙabilar mai rajista ba ne ya yi, ko wanda ƙabilar ta tabbatar a matsayin mai sana'arta. Laifin farko yana iya kai mutum ga tarar dala 250,000 ko ɗaurin shekara biyar. Shi ya sa masu wayo ke rubuta "salon Irokwa" ko "an samo dabarar daga Irokwa", kalmomin da ke nufin ba su suka yi ba. Wannan doka ba ta aiki a Kanada, don haka a inda kike ke ce za ki yi wa kanki bincike. Ki rubuta wa shagon ki tambayi sunan mai ɗinkin, al'ummarta da garinta. 'Yar gida ba ta jin nauyin wannan tambaya, da ita ma take gabatar da kanta: ni Mohawk ce daga Akwesasne, ni Seneca ce daga Cattaraugus, sau da yawa har ta ƙara da danginta na wajen uwa, Kunkuru ko Kyarkeci ko wani, don su ta uwa suke bin dangi. Ki tambaye ta inda ta samo duwatsun. Wadda ta sha wahalar nemansu za ta ba ki labari har ki gaji. Wanda ya amsa miki da "daga wani tsohon tari" ya yi shiru, ki bar masa kayansa.

Idan amsar ta fito daidai, dala 150 ba ta yi yawa ba. Abin gashi mai faɗin tafin hannu, da fure mai tudu da baki da shafi, aikin sa'o'i ne masu yawa, kwanaki ma ga mai yi tsakanin hidimar gida. Ki lissafa kuɗin awa ɗaya na ƙaramin ma'aikaci a Ontario, ki ƙara kuɗin duwatsun da ba a ƙera irinsu kuma, za ki ga ita ce ta rage miki. Abin da zai sa ni shakka shi ne in ga irinsa a dala 20, guda hamsin iri ɗaya a shago.

Game da ko ya dace amarya ta sa, ki kwantar da hankalinki. Wannan ɗinki tun tasowarsa ana yin sa don sayar wa baƙi, kuma masu yi suna murna su ga an saya daga hannunsu an sa da mutunci. Abin da ba na baƙo ba daban ne: hular gashin tsuntsu ta maza da ake kira gustoweh, wadda yawan fikafikan da ke tsaye a kanta ke nuna al'ummar mutum, uku ga Mohawk, ɗaya ga Seneca, da ɗamarar yarjejeniya ta duwatsun ɓawon dodon koɗi da ake kira wampum, da fuskokin katako na ibadarsu, waɗanda majalisar sarakunansu ta hana sayarwa a sanarwar 1995. Sai dai ki san cewa zanen yana da ma'ana a wurinsu. Rabin da'ira da ake jerawa a baki yana nufin rufin sama, ɗan reshen da ke tsirowa a kansa yana komawa ga bishiyar da ke labarinsu na farkon halitta. Sitoberi shi ne ɗan itacen da ke fara nuna a shekara, suna yi masa bikin godiya a watan Yuni. Idan kin fi son abin da ba shi da tsuntsu ko dabba ko alamar aƙida, ki faɗa wa mai ɗinkin kai tsaye, ta yi miki fure da ganye zalla. Yawancinsu suna karɓar oda, amma ki yi da wuri, don ana iya jira watanni.

Abu na ƙarshe shi ne gashinmu. Man kitso shi ne babban abokin gabar wannan kaya: yana ratsa shafi, ya kama ƙura, ya dusar da gilashi, kuma ƙarammiski ba ya wankuwa. Ki nemi shafin fata, ki nemi babban ƙarfe mai tsawon santimita 8 zuwa 10 don ya kama kitso ba tare da an tilasta shi ba, kada kuma a sa shi ranar da aka shafa mai ko gashi na da lema. Turare da feshin gashi a gama da su kafin a maƙala shi. Ɗankwali mai tsauri a kansa yana danne tozon ya karya duwatsu, saboda haka idan za ta rufe kai, ki ce a sa masa fil a baya maimakon ƙarfen gashi, ta maƙala shi a gefen ɗauri inda za a gan shi. Bayan biki a kaɗe shi da burushi mai laushi irin na kwalliya, a naɗe shi a farin yadin auduga, a ajiye a akwatin kwali nesa da rana da banɗaki, ba a cikin leda ba. Idan dutse ɗaya ya faɗi, a daina sawa a tsince shi a adana, a mayar wa wadda ta ɗinka ta gyara kafin layin ya warware.